Kunu a Bayan Zana

Bana ruwa ya yi mana rowa. Sati uku ke nan da aka yi yayyafin da ya ruɗi mutane suka fita da sungumi, tun daga ranar sama ta ɗauke. Hadari yakan haɗo da la'asar, ya yi baƙi har kaji su fara neman akurki, sai iska ta taso ta kai wa wasu. Geron da ya tsiro a gonakin hanyar Kende ya kwanta kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ni da ƙafa ta daina kai ni gona, aikina zama a gindin darbejiya da mahuci, ina kallon 'yan kabu-kabu suna wucewa da buhuna ta hanyar iyaka.

A nan Hannatu matar fastonmu ta same ni shekaranjiya. Ta ce zumuntar mata da matasan ikkilisiya za su haye ƙasar Benin na sati biyu, akwai wani ƙauye bayan Segbana da aka ce yara na kumbura, za su kai abinci da magani. Har an buga riguna masu rubutu a baya. Ta fito da wayarta tana karanta mini abin da suka tanada, madarar gari da sukari da gidan sauro da biskit da littattafai masu hotuna. Ta ce tunda na taɓa yin irin wannan tafiya, in gaya musu abin da suka manta.

Na ce ta ba ni kwana biyu. Ta yi dariya, ta ɗauka tsufa ne. Tsufan ma yana ciki.

Shekarar da nake tunawa, waɗanda suka gan ta ba sai an gaya musu wacce ba. Damina biyu a jere ba ta yi kirki ba, sannan ciwon bushiya ya bi shanu. Duk wanda ya bi hanyar Ka'oje a wannan bazara sai ya toshe hanci saboda mushe. Matan Fulani da muka saba gani da ƙwaryar nono suka koma ɗauko itace. A gidajenmu ana dafa tafasa da ɗan tsaki a ce an yi abinci. Ina aikin jinya a lokacin, ban kai talatin ba, da ɗana guda ɗaya, Dauda, mai shekara uku. Wasiƙa ta zo wa ikkilisiya daga wata 'yar mishan, Baturiya, da ta buɗe wurin ciyar da yara a can hayin iyaka. Tana neman mata biyu na wata uku, ɗaya mai dafuwa, ɗaya mai jin harsuna. Ni a Kende na tashi, inda babanmu ya yi malanta, Fulatanci da Dendanci a bakin maƙwabta na tsince su. Faransanci kuwa na shekarar da na yi wurin gwaggona a Paraku ta Benin ne, ya isa a fahimce ni. Mai dafuwar ita ce Baba Talatu, gwauruwa mai kusan shekara sittin, wadda ba ta taɓa shiga aji ba kuma ba ta bari a manta da haka. 'Yar boko take kirana.

Aka ɗora mana hannu aka yi mana addu'a ranar Lahadi, Litinin muka shiga bayan wata babbar mota. Iyakar a lokacin gora ce guda a kan ganga biyu, da jandarma ɗaya mai barci a inuwa. Daga baya aiki ya kai ni wurare, na zauna a Cadi, na zauna a arewacin Gana, na shiga jirgin sama har na daina kallon taga. Amma duk cikin tafiye-tafiyena ba wadda ta yi mini nisa kamar wannan ta yini guda.

Wurin ba asibiti ba ne. Ɗaki biyu ne na laka da rufin kwano, da rijiya, da doguwar rumfa ta kara da aka jera tabarmi a cikinta, kowace uwa da tabarmarta. Baturiyar, Madam Odil, doguwa ce siririya, zafi ya dafa mata wuya ya yi ja. Ba ta da fara'a, amma ni ban taɓa ganin mai aiki kamarta ba. Tun duku-duku mukan yi addu'a mu uku a tsaye, don in mun zauna barci zai ɗauke mu. Daga nan sai rijiya. Ruwan ya yi ƙasa sosai, guga yakan fito da rabi laka, sai a zuba a randa a jira ya kwanta. Iyayen da ke da ɗan ƙarfi su yi surfe da daka, Baba Talatu ta hura wuta a ƙarƙashin rabin ganga. Kunun gero ne da garin ƙuli-ƙuli da madara da mai da sukari, ana damawa sau shida a yini. Har yau in na ji ƙaurin madara ta kama gindin tukunya sai in tuna rumfar nan.

Da hantsi ake awo. Sikeli na rataye a reshen ɗorawa, a sa yaro cikin wandon buhu a rataya shi, Madam ta karanta, ni in rubuta. Wanda bai san yunwa ba yana tsammani yaro mai yunwa zai wawuri abinci. Ba haka ba ne. Waɗannan sun wuce nan. Ƙafafu sun kumbura, in ka danna da yatsa ramin ya tsaya, gashi ya yi ja ya yi laushi kamar gemun masara, fata tana saɓulewa. Ba sa kuka sosai, sai wani ɗan nishi. Ka kai cokali bakinsu su kau da kai. Ciyar da yaro ɗaya kofi guda yakan ci sa'a ɗaya, da lallashi, da waƙa, da haƙuri. Ga zafi. Da azahar kwanon ɗakin yakan yi ƙara shi kaɗai, ƙuda su rufe bakin kofi kafin ka ɗaga shi, gumi ya bushe a jikinka ya bar gishiri.

Akwai doka guda a wurin, kuma dole in faɗi gaskiya, dokar tana da dalili. Da farko Madam gari take aunawa ta ba iyaye su tafi da shi gida. A gida kuwa akwai miji, akwai sauran yara, akwai tsofaffi, kowa da yunwarsa, sai garin ya shiga tukunyar gida, mai kumburin ya samu lomar da ta rage. Ta binne yara da yawa kafin ta gane. Shi ya sa ta ce kunu a rumfa za a sha shi, uwa ce za ta ba ɗanta da hannunta, a gaban idonmu, don ta koya ta ci gaba in ta koma. Uwar da ta yi kwana uku ba ta ba ɗanta, ta tashi ta ba wata tabarma, domin kullum akwai mata a gindin ɗorawa suna jiran wuri. Ni ce mai faɗin wannan doka da harshe uku, na kuma faɗe ta har ta zama kamar tawa.

A sati na bakwai ne, lokacin da gajiya ta riga ta shiga mini ƙashi, wasu Fulani biyu suka zo daga wata ruga ta yamma. Tsohuwa ce mai suna Dado, da jaririya a bayanta, ɗiyar 'yarta da ta rasu. Bayanta kuma matar ɗanta, Kumbo, riƙe da yaro namiji kamar ɗan shekara biyu. Jaririyar da sauƙi, rama ce kawai. Yaron kuwa ya kumbura har fatar ido. Na tambayi Kumbo sunansa, ta dubi ƙasa. Na sake tambaya, ta gyara gyalenta. Tsohuwar ce ta faɗa. Ban ma ji da kyau ba, na rubuta lambarsa na wuce, don akwai wasu a layi. Yunwa ta tsofar da Kumbo, na ɗauka ta haihu huɗu ko biyar. Ban tambaya ba.

Muka ba su tabarmi biyu a jere, muna ganin mun kyauta, 'yan gida ɗaya kusa da juna.

Da aka raba kunu, Kumbo ta karɓi kofi ta ajiye a gaban yaron, ta juya masa gefe tana kallon bakin rumfa kamar mai jiran wani. Yaron da ko zama ba ya iyawa sai da jingina. Tsohuwa ta kwantar da jaririya ta miƙo hannu ta ɗauki kofin za ta ba shi. Ni kuma na zo na karɓe daga hannunta. Na ce doka ce, uwa ke bayarwa, ita ta ji da tata. Na damƙa wa Kumbo kofin, na naɗe mata yatsu a kansa. Ta riƙe shi har ya huce, ba ta ɗaga cokali ba.

Haka aka yi yini biyu. Ni da Madam muka gwada ba shi da kanmu, ya datse haƙora, abin da ya shiga ya dawo ta gefen baki. Robar hanci da ake zura wa irinsu don ciyar da su biyu ce gare mu, duka suna jikin wasu yaran. Ranar ta uku da safe sikeli ya nuna kumburi na ƙaruwa. Madam ta ce in tambayi matar nan me ke damunta. Na tsaya a tsakiyar rumfa, mata sun fi talatin suna ji, surukarta na zaune kamu ɗaya daga gare ta, na ɗaga murya da Fulatanci.

"Ke, ba ɗanki ba ne? Ba ki son shi ya rayu?"

Kumbo ba ta ɗago ba. Can ta ce, a hankali, "Na tsohuwa ne. Ni mi ne nawa a ciki?"

Na juya na gaya wa Madam da Faransanci cewa ta ce ba ruwanta da shi. Kalma da kalma, abin da ta faɗa ke nan. Madam ta share gumi, ta ce to gobe da safe ta ba da tabarma, yaron kuma mu ga abin da za mu iya. Na isar da saƙon. Na tuna har wani daɗi na ji, irin na wanda ya gama da aiki ɗaya cikin ɗari.

Da azahar Baba Talatu ta tafi ɗebo itace bayan rijiya, inda akwai wata kuka mai kogo. Ta dawo ba itace. Ta same ni ina wanke kofuna, ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu. Ta ce ta tarar da Bafulatanar nan a bayan kuka, ta ce wa mutane za ta kewaya da yaro, ashe ɗan tuwon da muke ba iyaye ne ta ɓoye a gefen zane. Tana taunawa ta yi laushi, ta sa masa a baki da bakinta kamar tantabara, tana yi masa waƙa, tana shafa masa kai, yaron kuma yana haɗiyewa. Da ta ji motsi sai ta ajiye shi a ƙasa ta kau da fuska.

Na ce to me ya hana ta yi haka a rumfa.

Baba Talatu ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Ta ce, "'Yar boko, ke ba ke ce ta fari wurin uwarki ba? Tunda kike, kin taɓa jin sunanki a bakinta?"

Kofin da ke hannuna ya koma cikin ruwa. Ban taɓa ji ba. Uwata ba ta taɓa cewa Rifkatu ba. "Ke" take cewa, ko "waccan". A gaban kakata ta wajen uba ko kallona ba ta yi, in na faɗi na fasa gwiwa sai dai wata ta ɗaga ni. Amma in na kai hannu ƙasan tuwona nakan tarar da tsokar nama a binne, wadda ƙannena ba su samu ba. Wannan mu ke nan da muka karɓi bishara muka sassauta. Bafulatana kuwa, da ɗan fari, a gaban uwar mijinta, a gaban mata talatin baƙi! Ɗan fari na kaka ne, ita ke goyo, ita ke ciyarwa a idon jama'a, uwa kuwa sai a ɓoye. Tsohuwa ta miƙo hannu ta yi abin da ya kamace ta, na karɓe kofin. Na san wannan al'ada kafin in san baƙaƙe. Ni kaina na yi alfaharin karya ta, ina kiran Dauda da sunansa a gaban kowa, uwata tana toshe kunne. Ashe na karya ta har na daina ganinta a jikin wasu.

Na ce bari in gama kofuna in je in same ta. Da ma na bar kofunan.

Kafin in gama, iska ta juyo. Wata bakwai ba a ga ɗigo ba, sai ga gabas ta yi baƙi ƙirin, ƙura ta taso ja ta rufe rana, karan rumfa suka fara tashi sama. Muka shiga kwasar yara muna cusawa cikin ɗakuna biyun nan, buhunan gero a kai, Madam tana ihu a rufe madara. Sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ƙarar kwano ta hana mu jin juna. Ƙamshin ƙasa ya cika ɗakin, wasu matan suna guɗa, wasu suna kuka. Da ya tsagaita wajen la'asar muka fito, rumfa ta karye a tsakiya, tabarmi suna yawo a ruwa. Mata kusan goma sun ɗaure kayansu, domin ruwan shuka ba ya jira, kuma in ba a shuka ba baɗi ma nan za a dawo. Madam ta bi su tana roƙo, ni ina fassarawa, ba wadda ta tsaya. Da na duba, babu Kumbo, babu tsohuwa, babu yaran. Wata ta ce tun kafin ruwa ya sauko suka kama hanya. An ce su ba da tabarma gobe, su kuwa ba su jira a kore su a gaban mutane ba.

Washegari da sassafe ni da Baba Talatu muka bi su. Madam ba ta so ba, hannu ya yi kaɗan, amma na gaya mata abin da na yi, ban rage kome ba. Ta ce mu dawo kafin azahar. Tafiyar ta fi yadda aka kwatanta mana. Laka tana cire mana takalma, rana ta fito da wani zafi mai tururi, ko'ina mutane ne a duƙe suna shuka, wasu da ƙyar suke ɗaga sungumi. Baba Talatu tana tafe tana mita, wai ita an ce mata dafuwa za ta yi, ba a ce za ta bi sawun Fulani a daji da tsufanta ba, kuma duk wanda ya ƙirƙiro boko Allah ya isa tsakaninta da shi.

Rugar bukka huɗu ce. Ga turakun maruƙa a jere, igiya a kwance, ba saniya ko ɗaya. Ban taɓa jin ruga shiru haka ba. Mazan sun tafi kudu da 'yan shanun da suka rage. Tsohuwa Dado na zaune a ƙofar bukka. Na durƙusa na gaishe ta yadda ake gaida uwa, muka yi ta gaisuwa har ta ƙare. Kumbo ban neme ta ba, wannan karon na san da wa ake magana. Na ce, "Inna, na karɓe kofi a hannunki. Ban kyauta ba. Na zo ki ba ni jikanki."

Ta daɗe tana kallon ƙafafuna da suka yi kaca-kaca da laka. Ta ce ko da ban karɓe ba, da wuya ya sha a hannunta, tun da ciwo ya kama shi ba ya karɓar kome sai daga uwarsa. Ta ce ita ta yi niyyar tafiya ita kaɗai ta bar musu wuri, don Kumbo ta sake, amma yarinyar ba za ta bar uwar miji ta kama hanya da goyo ita tana zaune ba. Ta ce ruwa ya same su a fili, babu ko itace. Daga cikin bukka na ji tari, ɗan ƙarami, mai kama da yagewar tsumma.

Baba Talatu ce ta nuna zana biyu da aka jingine a jikin bukkar da ba kowa. Ta ce in tambaya ko za a ba mu aro. Ita ta ɗauko ɗaya a ka, ni ɗaya, tsohuwa a gaba da jaririya, Kumbo a can baya da yaron, kamar ba tare muke ba.

A ƙarshen rumfa, bayan an gyara ta, muka kafa zanan nan biyu muka yi ɗan lungu mai ƙofa ta waje. Tsohuwa muka mai da ita can ɗaya ƙarshen. Madam ta ce ita in ba ta gani da ido ba, yaya za ta san ya sha? Baba Talatu ta ce a gaya wa Baturiya kunne ma ido ne, ita za ta zauna a jikin zana tana tsintar gero, in cokali na taɓa kofi za ta ji. Aka yi haka. Nakan ajiye kofi a bakin lungun in tafi ba tare da na leƙa ba, in dawo in tarar da shi wayam. Wani lokaci in ina wucewa nakan ji waƙar, ƙasa-ƙasa. A kwana na huɗu kumburin idonsa ya saɓe, ya buɗe ido sosai, manya ne, masu dogon gashi. Madam ta danna ƙafarsa a wurin awo ta ce ba laifi. A bakinta wannan babban yabo ne.

Amma tarin bai tafi ba. Ya sauka ƙirji, numfashi ya koma sama-sama, haƙarƙari na shiga suna fita. Muka yi masa allurar da muke da ita. A kwana na shida, da hantsi, ana cikin rabon kunu na biyu, na kai kofi bakin zana na ga na farko yana nan ba a taɓa ba. Na tsaya. Daga ciki na ji ta kira sunansa. Sau ɗaya, a hankali, kamar mai tashin yaro daga barci ba ta so ya firgita. Sunan da na tambaya sau biyu ta hana ni, wanda tsohuwa ta faɗa ban saurara ba. A ranar na ji shi sarai. Yana nan a kaina, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Da ta fito idonta a bushe yake. Ta je ta durƙusa gaban surukarta ta ce yaron tsohuwa ya koma. Tsohuwar ce ta yi kukan. Musulmin ƙauyen suka zo suka yi masa sutura suka sallace shi, mu muka tsaya daga nesa. Ƙasa ta yi laushi, haƙan bai ba su wuya ba. Kumbo ta zauna tare da mu har sati uku bayan haka, tana daka, tana ɗebo ruwa, har jaririyar ta yi ƙwari suka tafi. Ba ta taɓa nuna mini fushi ba. Kullum da safe sai ta gaishe ni, wannan ya fi mini zafi.

Madam ta ce da ruwa ya dake shi da bai dake shi ba, yaron ya riga ya yi nisa, mai yiwuwa da haka za a ƙare. Na yi shekara arba'in ina aikin jinya bayan nan, na san tana iya yin gaskiya. Na kuma san kwana uku na riƙe masa abinci da doka, a jikin da ba shi da kwana ukun bayarwa. Na kai maganar gaban Ubangiji sau da yawa. Na gaskata ya gafarta. Gajiyar ce dai ba ta tafi ba.

Zanan ba mu cire ba. Kafin watanmu uku su cika lungu ya zama huɗu, kuma tambaya ta farko da nake yi wa kowace uwa, a gefe, da murya ƙasa, ita ce ko na fari ne, kuma wa ta zo da shi. Wasu sun rayu a bayan zanan nan. Ban ƙirga ba.

Da muka dawo gida Bagudo gero ya kai ƙugu. Dauda ya ƙi zuwa wurina sai da ya kwana. Na je Kende gaida uwata, ta dube ni ta ga yadda na zube. Ta ce wa ƙanwata, "Ba waccan abinci." Na sa hannu a ƙasan tuwo, a shekarar da nama ya zama labari, na taɓa ɗan busasshen kifi. Na ci ina kallon bango, ita tana kallon ƙofa.

Yau da safe Hannatu ta dawo, kabu-kabu na jiranta a waje bai kashe inji ba. Ta fito da waya ta ce, "To Mama, mi muka manta?"

Na ce su tafi da zana, ko biyu ne.

Ta ce ai sun yi hayar rumfar tamfol mai kyau, irin ta biki, ruwa ba ya shiga. Na ce na sani, su dai tafi da zanan, su kafa a ƙarshen rumfar, ƙofa ta waje. In sun ga uwa ta ajiye kofi ta kau da kai, kada kowa ya tambaye ta kome, a nuna mata wurin a ba ta baya.

Ta dube ni kamar za ta sake tambaya, sai mai mashin ya danna oda. Ta rubuta a wayar, a ƙasan biskit, ta ce sai sun dawo. Na bi su da kallo har suka sha kwana. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, na jawo kujerata kusa da ƙofa ko da zai sauko.